Awon Igiya

Ku matso kusa, ku ukun. Kai babbansu, ajiye wayar nan. Tasi'u, bar bakin ƙofa ka zauna. Hansatu, ke ma da rabonki a gonar, saboda haka ki ba ni kunnenki. Na ji abin da kuke ja a kai tun bayan sallah. Ƙaramar hukuma ta ce kada a ƙara yanka fili a bayan gari sai ta zo ta shata titi da hanyar ruwa, ta kuma faɗi yawan gidajen da wurin zai ɗauka. Waninku na cewa a jira, waninku na cewa a yanka gonar marigayi mahaifinku a sayar kafin su iso. Ni ban shiga aji ba, amma gari ya ci gonaki da yawa a kan idona. Ga misali nan.

An yi wani manomi da gonarsa take bakin gari. Yana noma gero da wake, gari yana matsowa, har ta kai awakin unguwa ke cin yabanyarsa. Sai hukumar wurin ta aiko cewa duk mai son yanka gona ya dakata a zo a auna, a fitar da titin da mota biyu za su gifta juna. Manomi ya duba ya ga titin nan kaɗai zai lashe masa gefen gona guda. Ya ce dajin da ubansa ya sare da gatari ba za a shimfiɗa shi ƙafar kowa ta taka a banza ba. Ya kira mai awon igiya, irin masu yanka fili da igiya da turaku, ba taswira ba komai. Aka ja igiya, aka kafa turke, aka bar lunguna daidai wucewar jaki da kayansa. Ya zaɓar wa kansa fili a tsakiya, gindin tsamiyar da yake hutawa lokacin noma, ya sayar da sauran. Mutane suka zo suka gina. Wannan ya fitar da dakali a ƙofar gida, wancan ya haƙa shadda a bayan katanga, na kan kwana ya ƙara shago. Kowa taki ɗaya ya ci, kuma ba mai bakin hana wani, tun da mai gonar ne ya fara nuna yadda ake yi. Sai da unguwa ta cika maƙil ma'aikata suka iso da jan fenti, suka bi bango suna sa alamar rushewa. To amma bayan kowane bango akwai tukunya a kan murhu da yara a kan tabarma. Dattawa suka yi ta zarya suna roƙo, aka ɗage, aka sake ɗagewa, har damina ta wanke jan fentin. Manomi ya ce ya ci nasara.

Ana nan, wata safiya matarsa ta rasu. Aka aika masallaci a ɗauko makara. Da masu ɗauko ta suka zo kwanar shago ta ƙi juyawa, sai suka karkata ta a gefe, ta wuce. Ba wanda ya yi tunanin komai. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka ɗora, maza suka sa kafaɗa. Da aka dawo kwanar nan makara ta tsaya cak. Aka ja baya aka gwada, aka ɗaga sama, rumfar shago ta tare. Makara ta shigo a karkace don babu kowa a cikinta, yanzu kuwa ba mai karkata ta. Jama'a suka yi cirko-cirko a lungu, liman na jira a bakin titi, rana na ɗagawa. Manomi ya dubi mai shago ya ce shi ya toshe hanyar Musulmi, ya umarce shi ya kawo guduma ya fasa bangonsa. Mai shago ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya ji ƙanta. Amma ni taki ɗaya na ci. Sauran hanyar kai ka sayar min da ita." A ƙarshe sauke mamaciyar aka yi daga makara, aka naɗe ta a tabarma, aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu har bakin titi. Mijin na biye a baya, kafaɗarsa na gogar bangon da shi ya sa aka ja wa igiya. Unguwar tana nan, lungun ma yana nan yadda yake.

Ban ce ma'aikatan hukuma waliyyai ba ne. Za su ɓata muku lokaci, za su yanke muku gefen gona, ba kuma za su ce sannu ba. Amma yau gonar nan fili ce, ko ina aka ja layi kara kawai za a ture. Ran da aka ɗora bulo, sai dai a ture mutum. Ni ba zan zauna a can ba, ku da 'ya'yanku ne za ku bi lungunan. Ku shiga ɗakin mahaifinku ku ukun, kada ku fito sai da magana ɗaya, ku zo ku faɗa min tun turke bai shiga ƙasa ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini tun ran zane.