Rawayar Idon Batulu

Idon Batulu ya yi rawaya ana tsakiyar yankan riɗi a ƙauyen Simsim. Bara aka cire mata mama saboda sankara, amma a wurin mijinta Wada, magana ta ƙare tun ranar da aka cire zaren ɗinki.

"Shawara ce," in ji shi. "Wa bai taɓa yi ba?"

Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye zubewa yake. Sai Wada ya kai ta wurin mai lalas, aka ɗora mata jan ƙarfe a damtse da ƙeya, aka hana ta cin mai da nama, ya koma gona. Ita tana gida tana susa har jini, fitsarinta kamar baƙin shayi.

Sai da riɗi ya shiga buhu ya kawo ta asibitin Gadarif. Likitar wurin, Diktora Ilaf, ta dubi tabon wuta, ta dube shi.

"Ya Hajj, ciwo yana hanta, kai ka gasa ƙeya?"

Ta ce masa akwai 'yar hanya, kaurinta bai fi karan riɗi ba, wadda ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji. Sankarar ce ta bazu ta matse ta, ruwan ya koma jini.

Aka tura su wani asibiti mai nisa. Can aka zura na'ura mai ido ta bakinta, ba wuƙa, ba ɗinki, aka bi duhun ciki har bakin hanyar, aka sa ɗan bututu. Da aka nuna wa Wada hoton koren ruwan yana gangarowa, sai ya zauna a ƙasa.

"Subhanallahi! Ashe ran mutum a kan wannan 'yar kafa yake?"

Ba a jima ba ƙaiƙayi ya tafi. Batulu ta nemi kisra, wato gurasar dawa, ta ci, ta dubi Wada.

"Malam, na manta barci yana da daɗi haka."

Wada ya tari likitan da ya yi aikin. "Khalas, magana ta ƙare, ta warke ke nan?"

"Hanya muka buɗe, sankarar tana nan. Makonnin da ta yi a toshe sun gajiyar da hanta, ba za ta iya ɗaukar maganin sankarar ba."

Batulu ba ta ga damina ba.

Jama'a, macen da ta taɓa yin sankarar mama, in idonta ya yi rawaya, a kai ta asibiti a ranar. Allah Ya ba likita ilimin buɗe hanyar da ido bai taɓa gani ba, amma bai ba shi ikon dawo da lokacin da kuka ɓata ba.