Ƙwai Ɗaya Naki, Ɗaya Nawa

Ƙawata Guilan, matso da kujerarki, bar shayin ya huce. Labarin maƙwabtana ne, Tsoho Ha da matarsa Yufen.

Kin san duk shekara asibitin unguwa na kiran tsofaffi awon jini kyauta. Su biyu suka tafi ba su karya ba, aka ɗiba. Bayan kwana uku Tsoho Ha ya koma karɓo sakamako tare da 'yarsu Haiyan. Ya dawo da takarda ɗaya, samanta a ninke, ya zube kan gado yana nishi. Ta Yufen kuwa ya ce lafiya lau take, shi ya sa bai wahalar da kansa ɗauko ta ba.

Haiyan ce ta yi wa uwarta bayani, idonta jawur. Wai akwai wani abu a jini da ake kira albumin, hanta ke haɗa shi daga abinci mai gina jiki. Ya kamata ya kai arba'in, takardar ta nuna talatin da uku. Likita ya ce sauran gwaje-gwajen ba su nuna cuta ba, amma masu bincike sun lura waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi haɗuwa da ciwon daji. A gyara abinci, a dawo bayan wata uku.

A duk maganar nan Yufen ba ta ji komai ba sai "daji". Shi ya ɗauke yayanta.

Unguwa ta sha mamaki. Mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci, a ce abinci ya yi masa kaɗan? Kuma a wajenmu mara lafiya shi ne na ƙarshen ji, dangi su yi ta ɓoye masa don kada zuciyarsa ta karye. Shi kuwa Tsoho Ha, shi ke tare mutane a bakin layi yana ba su labarin jininsa.

Yufen ta ɗaura ɗamara. Shekara arba'in da biyar tana tura nama kwanon miji, kwanon 'ya'ya, kwanon jikoki, ita ta sha kunun gero da ɗan kabejin tsami, tana cewa nama na maƙale mata a haƙori. Munduwarta har gwiwar hannu take zamewa. Yanzu ta cika tebur: dafaffen ƙwai, awara, kifi, farfesun rago, madara mai ɗumi.

Ranar farko ya dubi teburin, ya ajiye tsinken cin abinci.

"Ba zan ci ana kallona kamar ragon layya ba. Ki ci ɗaya, in ci ɗaya. In kin tsaya, na tsaya."

"Kai tsohon nan, ciwon naka ne ko nawa?"

"To, bar ni in mutu ki huta da wankin safata."

Tana kuka ta ɓare ƙwai ta ci. Shi ma ya ci nasa.

Ba don ba ta yi dabara ba. Ta binne namanta a ƙarƙashin taliyarsa, ya tono ya mayar mata da ƙari. Ta ce tana azumin nafila, ya ce shi ma ya ɗauka, sai su sha ruwa tare. Wata rana ta ɓoye ƙwanta a aljihun baya, ta manta ta zauna a kai. Daga nan ta haƙura, ta riƙa ci tana yi masa addu'a a kan kowace loma.

A wata na biyu maɓallin wandon Tsoho Ha ya tsinke ana cikin ruku'u, ya bugi dugadugin ladan. Bayan an sallame liman ya dafa kafaɗar Tsoho Ha, ya ce Allah Ya ba shi lafiya, ko kuma Ya sammana irin ciwon. Ita kuwa Yufen takalmanta sun daina matse ta da yamma, tana hawa benensu na huɗu ba ta tsaya riƙe ƙarfe ba, amma ba ta lura ba. Idonta na kansa.

Da wata uku suka cika, ya ce yana tsoron allura, ba zai miƙa hannu ba sai ya ga an soka mata tukuna. Ta zage shi tas a gaban malaman asibiti, ta naɗe hannun riga.

Sakamako ya fito arba'in da ɗaya. Uba da 'ya suka yi ta murna, har tsohon ya taka rawa a tsakar ɗaki. Yufen ba ta yarda ba. Irin wannan dariyar suka yi wa yayanta a makonsa na ƙarshe. Da Tsoho Ha ya tafi sallar la'asar, ta zaro takardun biyu daga aljihun rigarsa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, don ita ba ta iya karatu ba, kuma ta san na koya wa kaina karatu da littattafan jikana.

"Yaya Mu, ke kina tsoron Allah. Faɗa mini gaskiyar lambar nan."

Na warware ninkin, na duba, na mayar da shi yadda yake. Na karanta mata talatin da uku, na karanta mata arba'in da ɗaya, na ce babu wata cuta a rubuce. Ta yi hamdala tana share hawaye. Ta ce duk da haka ba za ta daina ci ba, don in ta tsaya wawan tsohon nan zai tsaya. Ta miƙe ta tafi sayen ƙwai.

Allah shaida ban yi mata ƙarya ba, daga layi na biyu kawai na fara karatu. Don girman Allah, Guilan, maganar nan ta tsaya tsakaninmu: sunan da aka ninke a saman takardun biyu na Yufen ne.