Faskaren Jiya

"Kana iya aikin ƙarfi?" ma'aikaciyar jinya ta tambayi dattijon, watanni bayan an cire masa mafitsara saboda ciwon daji.

"Jiya ma wuni na yi ina faskare."

"Barci fa? Abinci?"

"Lafiya lau. Tsohuwar nan har ƙorafi take na cika ci." Ya nuna matarsa yana dariya, ya ja rigarsa ya rufe jakar fitsarin da ke manne a cikinsa.

Ma'aikaciyar ta ba shi maki mai yawa a takardar auna lafiyarsa, ta ce a duk Finland da wuya a sami majinyacin da ke jin daɗin rayuwa kamarsa.

Shi da matarsa suka koma gida. A bakin tafkin da ke kusa da gidan ɗakin wankan tururin da mahaifinsa ya gina yake. Nan shi da ƙannensa suke tuɓewa tsirara duk Asabar, su zauna kan bencuna cikin tururi suna tsokanar tumbin juna. Tun da aka yi aikin bai sake kiransu ba.

Bencunan ɗakin ne jibge a ƙofa, an faskara su daidai girman bakin murhu.

"Me ya hana ka gaya mata abin da ka faskara?" in ji matarsa.

"Ai ba ta tambaya ba."