Yaran Nesa da Kwalta

Ƙasimu ya zuba ƴan takardun da ya rubuta sunayen ƙauyuka ya nannaɗe cikin hularsa, ya girgiza, ya miƙa wa mahaifiyarsa.

"Inna, ɗauko uku. Kada ki zaɓa, sa hannu kawai."

Haka aka koya masa a Yamai, inda yake karatun gaba da digiri kan harkar koyarwa. Mai bincike ba ya zuwa inda ransa ke so, ƙuri'a ce ke zaɓa masa, kuma ba ya gaya wa kowa inda ta faɗa. Mahaifiyarsa Salamatu ce ta dace da ɗaukar, tunda ba ta taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba. Ta warware kowace takarda ta daɗe tana dubawa, leɓɓanta na motsi, kafin ta miƙa masa. Ya ɗauka addu'a take yi.

Addu'ar kuwa yana bukatarta. A satin da ya wuce ya je gwaji wata lakwal kusa da Konni, ya tarar da benci da malami da akuya. Kaka ce, yara duk suna gona, masu roron wake na yi, masu ɗaukar damman hatsi na yi. In wata ya ƙare bai koma da sakamakon makarantu uku ba, za a sallame shi, shi da aka raka tasha da guɗa.

Yana cin tuwo ya faɗi wannan, fuskarsa ga bango. Ɗan fari ne, tsakaninsu kunya ce, ko sunansa ba ta kamawa. Mushe take ce masa, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Ta ƙara masa miya. Mu uwaye in ɗa ya yi mana bayanin ilimi kai muke gyaɗawa, mu gane rabi, sauran rabin mu cika da namu hankalin.

Ƙauyen farko yana gefen Tsarnawa, dab da kwalta. Ƙasimu ya jingine kekensa kusa da wata motar jigilar hatsi, ya shiga da bismilla, sai ga aji cike har bakin ƙofa. Ya yi yadda aka koya masa. Ya zauna can baya don kada idonsa ya firgita yara. Bai tambayi sunan kowa ba, don suna yana jawo son kai, lamba ya ba kowane. Malamin ajin ma, mutumin kirki, bai kira sunan kowa ba, da bulala yake nuni. Aka raba tambayoyi. Yaran suka yi ta cizon alƙalami, mafi yawa suka faɗi.

Ya dawo gida da murna, ya tarar Inna ba ta nan. Ta tafi Malbaza duba ƙanenta mai aiki a masana'antar siminti. A kwanakin nan zumunci ya motsa mata ƙwarai.

Ƙauye na biyu yana bayan Dogarawa, sai an bar kwalta an bi turba. Nan ma aji cike. Tambayoyin dai su ne na farko, don ƙa'ida ta ce ba a canja ko wasali. Daga inda yake zaune ya ga ƙeyoyi a sunkuye, wasu na gyangyaɗi kamar waɗanda suka yi sammako, amma rabi suka ci.

Na uku yana can ta wajen Illela, inda sai da ya ɗauki keken a kafaɗa ya ratsa rairayi. Kafin ya gama rabon takardu wasu sun fara rubutu. Wata yarinya ma ta ɗaga hannu ta gyara masa tambaya ta huɗu. Kusan kowa ya ci.

A hanyar dawowa ya tsaya ƙarƙashin gawo yana dariya shi kaɗai. Ya gano abin da babu wanda ya taɓa ganowa: iya nisan yaro da kwalta, iya kaifin kwanyarsa. Ƙarar mota da shagalin kasuwa su ke dushe ƴan bakin hanya. Ya koma Yamai ya cika shafuka da wannan magana, har da zane mai hawa sama kamar tsani.

Salamatu ta yi sadakar fura a masallaci, ta koma kan dakanta.

Da rani ya shigo sai ga shi ya dawo, takalmi na ƙyalli. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta.

"Inna, an karɓi aikin. Farfesa ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta haka ba."

"Alhamdu lillahi. Allah shi ƙara ɗaukaka, Mushe."

"Saura abu guda kahin su ba ni takardar. Zai taho da kansa shi gani. Za a tara ɗiyan makarantun nan uku a hili guda, kowace da layinta, a sake gwada su gaban manya."

Tana tankaɗe, sai rariyar ta tsaya.

"Wuri guda?"

"Wuri guda."

"Rana guda kuma?"

"To, da mi? Ai haka bincike yake, Inna. Sai wani ya maimaita ya samu abin da ka samu."

Ta ce lalle ilimi yana da zurfi. Ta kakkaɓe hannunta, ta ɗauki buta, ko da yake da sauran lokaci kafin azahar.

Ta daɗe a kan tabarmar salla. Ba ta roƙi abu mai yawa ba. Dabara kawai take nema wurin Ubangiji, ta yadda aji guda zai tsaya layi uku, tunda yaran da ya gwada a ƙauyukan uku duk ɗiyan unguwar ƙanenta ne, waɗanda iyayensu ba su da gona, ta yi ta kwasowa a mota tana riga shi kaiwa gari gari. Sunayen ƙauyukan kuwa tun ranar ƙuri'a ta karance su, don rashin shiga lakwal bai hana ta iya karatu ba.