Hancin Kakata

Babana dattijon ikilisiya ne a Kafanchan, shi ya sa yake laɓewa bayan rumbu in zai taɓa yumɓu, kada a ce gunki yake yi. Fuskar mahaifiyarsa yake ƙoƙarin ginawa, don ta rasu ba ta bar hoto ba.

Wata Asabar ya zaunar da ni a kan turmi, wai hancina irin nata ne. Ya dube ni, ya murza, ya matse, ya sake. Sau tara na ƙirga. Ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya. Jirgin ƙasa na ta kuka a tasha, ƙawayena duk suna can.

Na ce, "Baba, ai ya yi kama."

"Kin san ta ne? Zauna, Uwata, yatsana bai tuna ba tukuna."

Yana juyawa ɗebo ruwa na sulale na gudu.

Da na dawo, curin yumɓu kawai na tarar ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Baba ya ce fuskar ta fito a karo na goma sha biyu. Ya yi ta kirana, har ya ji sallamar fasto a ƙofar gida, ya matse ta.

Yau na girmi kakata a shekaru, amma in na tsaya gaban madubi, ita nake nema.