Matar da Katangarta ta Zube

Saude, tun da kika aiko mini cewa allurar keken ɗinki ta soke ki a ɗan yatsa, har wurin ya kumbura ya yi ja yana zogi, hankalina bai kwanta ba. Kin dai san ni da fargaba. Abin da ya fi damuna shi ne da aka ce kina shirin kai hannun wurin wanzami ya yi miki sakiya, ya huda wurin da ƙarfe mai wuta, wai don kumburin ya sace ki koma kan keke. Tsaya tukuna. Ga wani misali da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta ba ni, shekarar da ƙusa ta soki babanki a ƙafa, na je ina yi mata kuka.

Wata mata ce ta tare a sabuwar unguwa, mace mai tsabta, wadda ko tsinke ba ta bari a tsakar gida. Damina ta yi nisa, aka yi kwana uku ana ruwa, sai katangarta ta bayan rumbu ta zube. Kafin ta gama salati har maƙwabta sun cika gidan, ba wanda ta kira. Maza suka cire ƙyauren zaure don jaki ya samu hanyar shigowa da ƙasa. Mata suka yi ta jido ruwa suna zubawa a wurin kwaɓi, tsakar gidan nan da ake sharewa sau uku a rana ta koma jan taɓo. Aka hura murhu biyu don abincin ma'aikata, gida ya ɗauki zafi. Ga cunkoso, ba wurin sa ƙafa. Ta je ɗaukar buta aka taka ta, ta ɗauko turmi ta rasa inda za ta girke shi, dole ta haƙura da daka. Wasu suka tsaya a bakin ɓarakar da sanduna, har suka kashe kububuwa da ta nufo ciki daga ciyawa. Matar ta leƙa gidan da ke jikin nata, na wani mutum da ya ɓata da kowa a unguwar. Shi ma katangarsa ta zube a wannan ruwan, amma gidansa shiru, tsaf, ba taɓo ba hayaƙi. Ta dubi tsohuwar da ke tuƙa tuwo ta ce, "Iya, wancan ya huta. Ni kuwa an mai da mini gida kasuwa." Tsohuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Miƙo mini mara dai, 'yar nan. Kya ga hutun."

Kwana uku aka gama. Mutane suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, aka mai da ƙyaure, ƙasa ta bushe. Abin da ya rage tsibin ɓaraguzai ne da fasassun ƙore da mushen macijin, ta share ta kai juji. Sabon ginin bai yi kalar tsohon ba, daga nesa ana gane inda aka gyara, amma dawarta na nan a rumbu ko zangarniya ba ta ɓata ba. Shi kuwa mai hutu, awaki suka samu ƙofa, ruwa ya yi ta cin gindin rumbunsa ba mai tarewa, kafin mako biyu rumbun ya kife a cikin laka. Ran nan matar ta soya waina cike da kwano, ta bi gida gida tana durƙusawa tana godiya, har gidan wanda ya taka mata ƙafa.

Ma'aikaciyar ta ce da ni, jinin jikin mutum shi ne maƙwabtan nan. Fata na hujewa, sai hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya taho da yawa, shi ya sa wurin ke yin ja yana zafi. Ruwan jinin ya tsattsafo ya taru, shi ne kumburin. A cikinsa akwai wasu fararen ƙwayoyi masu kama ƙwayoyin cuta suna cinyewa. Zogin kuma shi ke hana ki taɓa wurin ko ki sa shi aiki kafin a gama gyara. Ko mugunya, in ta fito, sharar aikin ce, har da waɗanda suka mutu suna kare ki. Ta ce ciwon da ta fi tsoro shi ne wanda mai shi ba ya ko ji, irin na masu ciwon suga. Na tuna kawunki, da har yatsan ƙafarsa ya lalace yana cewa lafiya lau.

Don haka kada ki kai wa ma'aikatan nan ƙarfe mai wuta, kada kuma ki matse. Ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ki rufe, ki riƙa ɗaga hannun, ɗinkin mutane ya jira. Gobe ki je asibiti su duba, su ga ko kina bukatar allurar tsatsa, wato ta rigakafin tetanus. In jan ya fara bin hannu yana hawa, ko zazzaɓi ya zo, ko mugunya ta taru, to aikin ya fi ƙarfin maƙwabta, kada ma ki jira goben. Ki kira ni kuma, don ba zan fasa tambaya ba.

Ni dai tun ranar da na ji misalin nan, in na ga kumburi nakan tsorata, sannan in yi hamdala. Allah ya sa mana masu rugowa agaji a cikin jikinmu, ba sai mun kira ba, ba su kuma jiran waina. Ɗan yatsa ɗaya aka soka, jiki duka ya taso. Gaskiyar Hausawa da suka ce, abin da ya taɓa hanci, shi ke sa ido ruwa.