Ƙawar Rumasa'u ta Zariya

Tun da aka daina zaman aji, allon karatu na lantarki ne ke zaɓa wa kowane yaro darasinsa da abokin karatunsa. 'Yata Rumasa'u tana da in'ina, ko sunanta ba ta yarda ta faɗa a gaban mutane. Sai allon ya haɗa ta da Nusaiba, wata Bazazzagiya mai shegen baki, suna hira ta murya kawai. Mu kuwa Kanawa ne, ga wasan da ke tsakaninmu. Kullum da safe sai ta tsokane ta: "Bakanuwa, yau ma lissafi ya kayar da ke?" Garin ramuwa bakin 'yata ya buɗe.

Ran Asabar na yi alkaki na tafi Zariya godiya. Mahaifiyar Nusaiba ta shimfiɗa mini tabarma, na zayyana mata komai.

Sai ta ce, "Maman Rumasa'u, ai Nusaiba ta ajiye allo tun bara. Tana Kaduna tana koyon ɗinki."

"To da wa 'yata ta yi musu yau da safe?"

"Allon ne ya nemi izini ya riƙe muryarta, wai akwai yarinyar da take yi wa amfani. Muka ce ya riƙe, ai lada ne."

Na yi godiya har da ƙwalla, kuma har zuciyata nake yi.

Da na dawo, Rumasa'u ta tare ni a zaure, magana ba gargada: "Umma, kin gan ta? Doguwa ce?"

Na ce, "Tana gaishe ki."

Daga ɗaki allon ya ce da muryar Nusaiba, "Bakanuwa, ce wa Umma alkakin ya yi daɗi."